Ku Daina Fere Birki, Samarin Lafiya

Akwai wani faifan birki a kan teburina yanzu haka. Daga wani gareji da ke hanyar Makurɗi na ɗauko shi, nan cikin Lafiya, bayan an kwance shi daga ƙafar gaba ta wata BMW ta wani yaro da bai cika shekara 25 ba. Ramuka 36 na ƙirga a jikinsa, duk da injin huda ƙarfe aka yi su, wasu sun matsu wasu sun ware, yadda hannun mai hudawa ya ga dama. Daga bakin bakwai cikinsu tsaga ta fito, siririya kamar silin gashi, ɗaya ta kusa kaiwa gefe. Fuskarsa ta yi shuɗi irin na ƙarfen da ya sha wuta. A gefensa kamfani ya buga kaurin da in faifan ya sauko ƙasa da shi to sai juji: milimita 20.4. Sabonsa 22 ne. Na sa ma'auni, na samu 17 da rabi.

Ba tsufa ne ya cinye shi ba. Ɗaukarsa aka yi da gangan aka kai wa mai injin tona, aka ce a fere shi ciki da waje, sannan a huda. Da na tambayi yaron dalili, sai ya dube ni kamar wanda zamani ya wuce, ya ce: "Baba, ai haka 'yan tsere ke yi a waje. Nauyi ake ragewa, ƙafa ta yi sauƙi, mota ta tashi da wuri."

To, ku saurare ni, ku samarin da ke haɗuwa da yammacin Asabar, ko ranar ɗaurin aure, ko ranar da aka gama jarrabawar ƙarshe a makaranta, kuna murza taya har hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Abin da kuke yi wa birki jahilci ne tsagwaronsa, kuma wanda zai biya kuɗin wannan jahilci da jininsa galibi ba ku ba ne, wani bawan Allah ne da ya tsaya kallo ko ya zo wucewa. Ina faɗa muku haka ne a matsayin mai son mota tun ina yaro. A cikin Fijo 504 ta mahaifina na girma, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson. Ina so in ga ranar da za a yi tseren mota na gaskiya a Jihar Nasarawa, in sayi tikiti in zauna in kalla. Saboda wannan burin ne abin naku yake ƙona mini rai.

Kun san aikin faifan nan kuwa? Da yawanku kun ɗauka wani ƙarfe ne kawai da fad ke matsewa taya ta tsaya. Gudun mota ba ya ɓacewa haka nan. In ka taka birki, gudun nan duka zafi yake komawa, kuma dole zafin ya samu inda zai zauna kafin iska ta kwashe shi. Faifan shi ne wannan mazauni, tukunya ce ta tara zafi. Shi ya sa ake zuba shi da baƙin ƙarfe mai nauyi, shi ya sa na gaba yake zuwa falle biyu da hanyoyin iska a tsakani, yana juyawa yana zuƙo iska ta tsakiya yana fesar da ita ta gefe.

Mu yi lissafi, wanda duk ɗalibin injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai zai iya bi da biro ya gani. Mota mai nauyin kilo 1,400 tana gudun kilomita 120 a awa. In ka tsayar da ita cak, zafin da zai fito ya isa ya kawo ruwa lita 2 da rabi ga tafasa, abin da mai shayi ke jira mintuna yana fifita gawayi, kai kuma ka samar da shi cikin daƙiƙa 4 ko 5. Kusan kashi 70 cikin 100 na wannan zafi a ƙafafun gaba yake sauka. Faifai mai kilo 6 da rabi zai ƙara zafi da digiri 90 a wannan taku guda. Wanda aka fere ya koma kilo 5 zai ƙara kusan digiri 120. In gudun ya kai 160, na farko zai ƙara wajen 160, na biyu ya haura 200, domin zafin ba tafiya ɗaya yake yi da gudu ba, in ka ninka gudu sau biyu shi sau huɗu yake ninkuwa. Wannan taku ɗaya ke nan. Ku kuma ba sau ɗaya kuke takawa ba. Ku taka, ku ba ta wuta, ku sake takawa kafin ƙarfen ya huce, sau goma, sau ashirin, a ranar Maris ta Lafiya da kwalta kanta ke tiriri. Zafi na hawa kan zafi, ƙaramar tukunya kuwa ita ke fara tumbatsa.

In ta tumbatsa abubuwa ne ke biyo juna. Fad ya ƙone ya yi santsi, ka taka feda da ƙarfinka kana jin ta da tauri amma mota na ci gaba da tafiya. Zafin ya bi ƙarfe ya isa man birki. Man da aka rubuta wa DOT 3, in sabo ne fil, ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma mai ne mai shan damshin iska, in ya daɗe a mota ma'auninsa na iya saukowa zuwa 140 ko 155. Yaushe rabon ku da ku canja shi? Wasunku ma, na gani da idona, ruwan omo suke ƙarawa in ya yi ƙasa, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Da zarar tururi ya shiga layin birki, feda za ta tafi har ƙasa kamar ka taka auduga. Sannan ga faifan kansa. Kowane falle na wanda ke gabana kamar milimita 7 ne a sabonsa, an rage shi ya koma ƙasa da 5, aka kuma bi shi da ramuka masu kaifin baki. Ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce, kuma a bakin rami wannan ja-in-ja ke taruwa. Daga nan tsaga ke farawa. Ranar da ta kai gefe, faifan zai dare, ɓallen ya cije a cikin kalifa, taya ɗaya ta kulle ɗayar na juyawa, motar ta zaɓi inda za ta nufa ba tare da ta shawarci sitiyari ba.

Duk wannan kasada a kan me? A kan kilo 3. Abin da aka cire daga faifai biyu ke nan, daidai da nauyin fetur lita 4, wato kusan kashi 1 cikin 500 na nauyin motar. Yaron da ya yi wannan aika-aika, akwatin sifika ne cike da but ɗinsa wanda sai mutum biyu ke ɗagawa, ga safaya, ga abokai uku da yake ɗiba in zai shiga fili.

Ba zan ɓoye muku gaskiyar da ke cikin maganarsa ba. Lallai masu tsere na neman faifai mara nauyi, kuma da hujjarsu. Nauyin da ke ƙasan sifirin, wato taya da rim da birki, shi ke tsalle da kowace gargada, in ya yi sauƙi shokozoba ta fi iya danne taya a kan kwalta. Ga shi kuma abu ne mai juyawa, sai inji ya ɓata ƙarfi wajen wulwula shi. Amma ku dubi ta inda suke rage nauyin. Faifan tsere kashi biyu ne: tsakiyarsa, wadda ke zama a kan hob, ita ake yi da alminiyon, zoben da fad ke kamawa kuwa ana barinsa da kaurinsa, sau da yawa ma a ƙara masa faɗi, a jawo masa bututun iska daga gaban mota. Suna cire nauyi daga inda ba ya aikin komai, ku kuna cirewa daga inda ran mutum ya rataya. Ramukan da kuke gani a faifan motoci masu tsada, injiniyoyi ne suka zana wurin kowanne, aka goge bakinsa, aka gwada, duk da haka ana duba su saboda tsaga, kuma da yawan masu tsere sun gwammace faifai mai 'yan layuka a fuska a kan mai ramuka. Na Fomula Wan da kuke gani yana ja kamar garwashi, na kabon ne, yana ɗaukar zafi har digiri 1,000, kuma in bai yi zafi ba ba ya kamu sosai. Ba danginsa ɗaya da faifan Beljiyam da aka sayo a kasuwar kayan gyara ba. Kun ga hoto a waya, kun ɗauko kamanni.

Amma faifan nan alama ce kawai ta ciwon. Ciwon shi ne kuna tsere babu doka, kuma kuna alfahari da hakan.

Duk inda ake tseren mota a duniya, har na 'yan sha'awa waɗanda ranar Litinin za su koma ofis da shago, abu na farko da ake miƙa wa mutum shi ne littafin dokar rukuni. Ana kasa motoci gida-gida bisa girman inji da nauyi da irin gyaran da aka yi musu. A rukunin motocin da aka bari yadda kamfani ya ƙera su, yawanci za a bar ka ka sa fad mai kyau da man birki mai jure zafi, amma faifai sai ya zama irin na asali a girma da ƙarfe, ba ferewa, ba hudawa. In kana son faifai mai tsakiyar alminiyon, ba wanda ya hana ka, sai dai ka hau rukuni na gaba, can kuma za ka haɗu da motocin da suka fi taka, a kuma ɗora maka sharuɗɗan da suka fi tsanani. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kafa rukunin N a 1982 don motocin kasuwa, ta ce sai kamfani ya ƙera dubbai irin motar kafin a yarda da ita, don kada wani ya zo da dodo cikin rigar tunkiya. A Amurka akwai rukunin da ake kira Spec Miata, kowa da ƙaramar Mazda iri ɗaya, gyaran da aka halatta ƙidayayye ne, in an gama tsere a tura na gaba-gaba kan sikeli da direba a ciki, a buɗe inji in an yi zargi. Kafin tsere kuma akwai masu duba mota, su leƙa birki, su ja bel, su duba hular kwano, in abu ɗaya bai yi ba ka zama ɗan kallo ranar nan ko kai ɗan waye.

Kada ku ce wannan na ƙananan mutane ne. A watan Yuli na 2024, George Russell ya riga kowa tsallake layi a tseren Fomula Wan na Beljiyam. Aka ɗora motarsa a sikeli, aka samu ta gaza nauyin doka, kilo 798, da kilo 1 da rabi. Aka karɓe nasarar aka ba Lewis Hamilton. Kamfanin Mercedes, mai motar Russell, da duk dukiyarsa bai yi musu ba. Kilo 1 da rabi, daidai abin da mai tona ya fere daga faifan da ke gabana.

Wannan tsari ma ai ba baƙo ba ne a wurinmu, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ku je filin folo na Keffi, nan cikin jiharmu, ku tambaya. Kowane ɗan wasa da makinsa, daga ƙasa da sifili da 2 har zuwa 10, a haɗa na mutum huɗu a san kofin da ƙungiya ta cancanci nema. Sarkin Katsina Usman Nagogo, da sarautarsa da komai, ma'aunin nan aka auna shi da shi. A sukuwa ba a jera dokin Arewa da na Sudan a ce su kara. A dambe sai an duba hannun da aka naɗe kafin a shiga fage, kuma ba a sakin sabon yaro ga wanda ya shekara goma yana kisa. Kakanninmu da ba su taɓa riƙe sitiyari ba sun gane cewa wasan da ba shi da ƙa'ida ba ya nuna gwani. Ku da kuka yi boko, kuna riƙe da waya mai ɗauke da ilimin duniya, ku ne kuka kasa ganewa.

Ga abin da rashin rukuni ke haifarwa, kuma nan nake so ku tsaya ku yi tunani. A filinku, wanda aka ɗora wa motarsa inji mai silinda takwas da wanda ya lallaɓo da tsohuwar Marsandi 190 duk layi ɗaya suke. Wanda babansa ya fi kuɗi shi ne zakara tun kafin a tayar da inji. Shi kuma yaron da ba shi da kuɗin inji, ga zuciya ga idon 'yan mata, me ya rage masa? Sai ya nemi gyaran da aljihunsa zai iya. Ya cire kujerar baya, ya yanke salansa, ya kai difa a yi mata walda, ya kai birki a fere. Abin da ya fi araha shi ne cirewa, abin da ake cirewa kuwa shi ne abin da aka sa don kare rai. Da akwai rukunin da aka ce kowa ya zo da mota yadda take, inji bai wuce lita 2 ba, birki na asali, da wannan yaro ya ci kofi da hannunsa da ƙwaƙwalwarsa, bai kashe ko sisi a wurin mai tona ba. Dokar rukuni gatan talaka ce a fagen tsere. Masu kuɗin cikinku sun san haka, shi ya sa in aka kawo maganar tsari su ne ke fara cewa za a ɓata wasa. Ku kuma marasa ƙarfi kuna amsa musu amshi.

Dokokin nan da kuke rainawa, gawarwaki ne suka sa aka rubuta su. Ranar 11 ga Yuni, 1955, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, Mike Hawthorn yana tuƙa Jaguar mai birkin faifai, sabon abu a lokacin, mai kamu fiye da na yawancin sauran motoci. Ya sha gaban wata Austin-Healey da ba ta kai shi gudu ba, sannan ya taka birki zai shiga wurin gyara. Direbanta, Lance Macklin, ya kauce don kada ya dake shi, sai ya faɗa gaban Marsandin Pierre Levegh da ke tafe a guje. Marsandin ta hau bayan Austin-Healey ta tashi sama, ta tarwatse, inji da ƙarafa suka bi ta cikin 'yan kallo. Levegh ya mutu, mutum fiye da 80 suka mutu tare da shi. Mercedes ta bar tsere a ƙarshen shekarar, ta yi shekaru sama da 30 ba ta dawo ba, ƙasar Suwizalan kuma ta haramta tseren zagaye a ƙasarta. Ku dubi abin da ya haɗu a wurin: motoci masu bambancin gudu da bambancin birki a matsattsen wuri, ga jama'a dab da su. Ku faɗa mini wanne ne babu a taronku na Asabar.

A 1986 aka maimaita darasin. Rukunin B na rali ya sakar wa kamfanoni mara, mota 200 kacal ake buƙata a ƙera, ƙarfi ya yi yawa nauyi ya yi kaɗan. A watan Maris a Fotugal wata Ford RS200 ta kutsa cikin 'yan kallon da suka cika bakin hanya, mutum uku suka mutu nan take, gommai suka jikkata. A watan Mayu, Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka ƙone a cikin Lancia a tsibirin Kosika. Hukuma ta soke rukunin gaba ɗaya daga ƙarshen shekarar. Waɗannan ƙwararru ne, da injiniyoyi da likitoci da jirgin sama mai saukar ungulu a bayansu.

Ku wa ke bayanku? Na tsaya a gefen irin taron nan, na ga waɗanda ke zagaye da ku. Almajirai da robobinsu. Yarinya mai tallar gyaɗa. 'Yan acaɓa da suka jingine babura suna ihu. Yara masu ɗaukar bidiyo da ke kutsawa har tsakiya don hoto ya fito. Tsakaninsu da motar da ke wulwulawa babu ko buhun yashi ɗaya, babu igiya, babu tulun kashe gobara, babu motar asibiti. In abu ya faru, a Keke Napep za a kwashi mutum zuwa asibiti, ku kuma kowa ya ja motarsa ya ɓace, gobe iyaye su je su ba da haƙuri a ce tsautsayi ne. Tsautsayi shi ne abin da ya zo wa mutum bayan ya yi iyakar kiyayewa. Wanda ya biya kuɗi aka raunana birkinsa, ya shiga tsakiyar yara da gudu, bai isa ya laɓe a bayan ƙaddara ba.

Kuma motar ba a filin take kwana ba. Mai tsere na gaskiya a tirela yake kai motarsa fili, a tirela yake mayar da ita. Taku ita ce za ta bi hanyar Shendam cikin cunkoso da daddare, ita za ta kai Hajiya kasuwa da safe, ita ƙanenka zai ɗauka ya nufi Abuja bai san abin da aka yi wa ƙafarta ba. Tun da aka mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi tagwaye, kowa ya samu wurin sakin totur, alhali iyakar da doka ta ba ƙaramar mota ko a babbar hanya kilomita 100 ne. Duk ɗan Lafiya ya san gangaren da ke tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon, wanda direbobi suka laƙaba wa suna da Turanci, Many Have Gone, wato da yawa sun tafi. Dogon gangare shi ne jarrabawar birki mafi tsanani, domin ƙafa na kan feda ba sassauci, zafi na taruwa ba hutu. Can faifan da kuka fere zai nuna halinsa, da iyalinku a ciki.

Yanzu gare ku, 'yan'uwana bakanikai da masu injin tona. Laifinku ya fi na yaran, don ku kun sani. Na tambayi wanda ya yi wannan aiki, mutumin da ya girme ni a sana'a, ya ce mini: "Malam, abin da mai mota ya ce shi muke yi. In ban yi ba wani zai yi." Wannan magana ba ta dace da furfurarka ba, Oga. Ka ga lambar da aka buga a gefen faifan, ka san ma'anarta, ka ɗora shi a inji ka wuce ta da kusan milimita 3. Gyaran fuskar faifai in ya yi kunya-kunya halal ne a sana'a, matuƙar an tsaya a kan lamba. Abin da ya wuce lamba cin amana ne, ko da mai motar ne ya roƙa da bakinsa. Yaran da ke koyon aiki a ƙarƙashinka suna kallo, gobe su ma haka za su yi wa motar haya mai ɗaukar mutum bakwai. Kuna da ƙungiya, kuna tara kuɗin wata, kuna yanke wa juna tara in wani ya ƙwace wa wani kwastoma. Me ya hana ku zauna ku ce daga yau duk wanda ya fere faifai ƙasa da lamba ko ya huda shi an kore shi daga layi?

Ku kuma iyaye, Alhazai, kun sayi mota mai ƙarfin doki 200 kun miƙa wa yaro makulli, taya na ƙarewa duk wata biyu kuna biya, ba ku taɓa tambayar me ke cinye ta ba. Kun sani sarai. Ranar da ya take ɗan wani, ku ne za ku fara buga waya ana neman a kashe magana.

Hukuma ita ma ba ta fita ba. Kame da kora lokaci-lokaci ba su taɓa kashe wannan wasa a wani gari ba, daga wannan titi yake komawa wancan, daga rana ya koma dare. Tun 1988 muke da hukumar kiyaye haɗurra, ga jami'an duba lafiyar mota, amma yaushe aka taɓa tsayar da mutum aka leƙa kaurin faifansa? Ba kuma a rasa abin koyi a ƙasar nan ba. Akwai ƙungiyar da ke wakiltar Najeriya a FIA, akwai filin tsere da masu sha'awa suka gina da kansu a Evbuobanosa ta Jihar Edo, an sha haɗa ralin mota da bikin kamun kifi na Argungu. Jihar da ke da fili kamar tamu ba za ta rasa kadada kaɗan a bayan gari da za a kewaye ba.

Sai dai ba zan bar ku ku fake da gwamnati ba, samari, domin abin da nake nema a wurinku ba ya jiran kasafin kuɗi. Takarda ɗaya ce. Ku zauna ku rubuta cewa rukuni biyu ne, na motar da ba a taɓa ba da na wadda aka gyara, kuma ba za su shiga fili tare ba. Ku rubuta cewa a rukunin farko faifai sai na asali, a na biyu sai wanda kamfani ya ƙera don wannan aiki, a duka biyun kuma wanda ya sauko ƙasa da lambarsa, ko aka huda shi a gareji, ko aka ga tsaga ko ɗaya a jikinsa, motar ba za ta motsa ba. Man birki sabo, hular kwano, bel, direba shi kaɗai a mota. Ku nemo dattijon bakanike mai tsoron Allah wanda ba ya cin kuɗin kowa a cikinku, ku ba shi jak da ma'auni da ikon cewa a'a, kuma in ya ce a'a ga ɗan mai kuɗin cikinku ku tsaya a bayansa. Ma'aunin kauri bai kai kuɗin taya ɗaya da kuke ƙonawa a yamma guda ba. Sannan ku ɗauki takardar ku je wurin hukuma ku nemi fili da izini, ku daina tare titin da jama'a ke bi. In kun kasa wannan, to ku daina kiran kanku 'yan tsere, don ba ku yi abin da ya kai a kira ku haka ba.

Yaron mai BMW ya sayi sababbin faifai, bayan na ce zan kira mahaifinsa. Da ya zo ɗaukar motar ya nemi in ba shi tsofaffin, wai akwai abokinsa da ke so. Na hana shi. Ɗaya na sa aka fasa da guduma a gabansa, bugu biyu ya rabe ta kan tsagar da ke jikinsa, ɗayan shi ne wannan da ke kan teburina.

Shekaranjiya na koma wurin mai injin tona don in nuna masa. Na tarar da faifai huɗu jingine da bango, an ɗiɗɗiga musu alli a inda za a huda. Na tambaye shi na waye. Ya ce na ɗaurin auren ranar Asabar ne.